Kafaɗa Mai Yawan Gocewa da Gyaranta ta Tiyatar Huji

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace gaɓa sakewa a jikin ɗan Adam. Da ita hannu ke miƙewa sama, ya koma baya, ya zagaya ta kowace fuska. Sai dai wannan sakewar ita ce kuma rauninta, domin a cikin manyan gaɓoɓin jiki babu wadda ke gocewa kamar kafaɗa.

Dalilin yana cikin halittarta. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, babba, amma gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa ƙarami ne, kuma ba shi da zurfi. Abin da ke taɓa gurbin a lokaci guda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. A ƙugu lamarin ya bambanta, domin can gurbin mai zurfi ne, ya haɗiye kan ƙashin cinya. Saboda haka kafaɗa ta dogara ne ga nama mai laushi wajen zama a muhallinta. Akwai wani zoben guringuntsi mai tauri da ya kewaye bakin gurbin, yana ƙara masa zurfi, yana yi wa kan ƙashin aikin da gammo ke yi wa tulu a kan mai ɗebo ruwa. A jikin zoben ne jijiyoyin ɗauri suka kafu, waɗanda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, kuma mafi muhimmanci a cikinsu ita ce ta gaba daga ƙasa, wadda ke tare kan ƙashin idan an ɗaga hannu. Sai jakar tantani da ta lulluɓe gaɓar duka, sannan tsokoki huɗu da suka rungume ta suna danna ƙashin cikin gurbinsa yayin motsi.

Fiye da tara cikin goma na gocewar kafaɗa ta gaba take faruwa. Yanayin da ke kawo ta sananne ne: hannu a ɗage ta gefe, an juya shi baya, sai wani ƙarfi ya ƙara tura shi. A ƙasar Riruwai ta kudancin Kano da kewayenta ba a rasa hanyoyin faɗawa wannan yanayi. Gari ne na duwatsu da aka sani da kuza tun kafin zuwan Turawa, kuma har gobe samari na shiga ramuka da diga da shebur. Wanda ƙafarsa ta zame a bakin rami ya cafki wani abu da hannu ɗaya, nauyin jikinsa duka kan kafaɗar yake sauka. Haka mai babur da ya faɗi a hanyar Doguwa ko ta dajin Falgore ya tokare ƙasa da hannu, da ɗan kokawa da aka murɗe, da ɗan damben da ya kai naushi ya sami iska, da mai tsaron gida a wasan ƙwallo, da manomin da sa ya fizge igiya a hannunsa.

Idan kan ƙashin ya fita ta gaba, ba ya fita salin alin. Yakan ɓamɓare zoben guringuntsin daga bakin gurbin, tare da jijiyar ɗaurin da ke jikinsa. Wani likita Bajamushe, Georg Perthes, ya yi bayanin ɗinke wannan rauni a 1906, sannan likitan ƙashi na Ingila, Arthur Bankart, ya nuna a 1923 cewa shi ne tushen kafaɗar da ke ta maimaita gocewa. Shi ya sa har yau likitoci ke kiran raunin da sunan Bankart, haka ma tiyatar gyara shi. Akwai rauni na biyu da ke tafiya da shi. Yayin da kan ƙashin ke waje, bayansa na dannuwa a kaifin bakin gurbin, sai ya lotsa. Likitocin hoto biyu na Amurka, Hill da Sachs, su suka yi cikakken bayanin wannan lotsawa a 1940.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. An ja hannu, ƙashi ya koma, zafi ya lafa, bayan makonni mutum ya koma aikinsa, sai a ɗauka an warke. Ƙashin ya koma, gaskiya ne, amma zoben da ya ɓamɓare sau da yawa ba ya komawa inda yake. Ko dai ya rataya, ko ya manne a ƙasa da muhallinsa, jijiyar ta yi sako-sako. Ƙofar gaba ta zauna a buɗe ke nan. Gocewa ta biyu ba ta buƙatar ƙarfin ta farko, ta uku kuwa ta fi sauƙi, har a kai matsayin da kafaɗa ke fita wajen sa riga, ko miƙa, ko a cikin barci idan mutum ya yi matashi da hannunsa. Wasu ma ba ta fita gaba ɗaya; zamewa take yi ta koma, hannu ya mutu na ɗan lokaci, mutum ya rasa yadda zai bayyana abin da yake ji sai ya ce kafaɗarsa ba ta da aminci.

Shekaru suna da babban tasiri. Wanda kafaɗarsa ta fara gocewa yana ƙasa da shekara 20, musamman namiji mai aikin ƙarfi ko wasa, ya fi kusa da ta sake fita fiye da ta zauna lafiya. Bincike da dama sun nuna fiye da rabin irin waɗannan matasa tana sake gocewa. Wanda ya haura 40 ba kasafai take maimaitawa ba, amma shi nasa haɗarin daban ne: tsokokin nan huɗu sukan yage, don haka dattijon da aka mayar wa kafaɗa amma ya kasa ɗaga hannu bayan mako biyu ko uku yana buƙatar a sake duba shi.

A ƙauyukan Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, kamar sauran ƙasar Hausa, mai ɗori shi ne na farko da ake nema. Yana kusa, an san gidansu, sana'ar gado ce, kuma ba ya tsawwala kuɗi. Gwani a cikinsu yakan iya mayar da kafaɗar da ta goce, wannan ba abin musu ba ne. Matsalar ita ce hannu ba ya ganin abin da ke ciki. Wani lokaci gocewa na zuwa tare da karaya a wuyan ƙashin damtse, kuma jan irin wannan hannu da ƙarfi na iya raba ƙashin biyu. Akwai kuma wata jijiyar ji da motsi da ke bi ta hammata ta zagaya wuyan ƙashin; idan ta taɓu, fatar gefen kafaɗa takan mutu, tsokar da ke ɗaga hannu ta shanye. Abin da ya fi ciwo shi ne kafaɗar da ba ta koma ba amma aka ɗaure ta da kara da tsumma aka ce a jira. Bayan makonni nama kan cika gurbin, ja ba ya ƙara mayar da ita, sai babbar tiyata, ita ma ba lalle ta dawo da motsi duka ba. Hoton ƙashi kafin a ja da bayan an ja shi ke raba wannan gardama, kuma abu ne da ake samu a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa. Ƙona wurin da ƙarfe mai zafi ko yi masa tsaga ba ya ɗinke abin da ya ɓamɓare. Tsohuwar dabara ce ƙwarai: Hippocrates, likitan Girka na fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ya rubuta yadda ake ƙona hammata don tabo ya riƙe kafaɗa mai gocewa. Ilmin likitanci ya bar ta tun da aka gano ainihin inda ɓarnar take.

Likitan ƙashi yakan fara da tambayoyi: yaushe ta fara fita, sau nawa, a wane yanayi, wa ke mayarwa, wace sana'a ake yi, da wane hannu ake aiki. Sannan ya kwantar da majinyaci, ya ɗaga hannun ta gefe, ya juya shi baya a hankali. Mai wannan lalura yakan zabura ya ƙanƙame jiki tun kafin ya ji zafi, domin jikinsa ya san abin da ke shirin faruwa. Idan likita ya danna kan ƙashin baya da tafin hannu tsoron ya kau, alamar ta ƙara ƙarfi. Hoton ƙashi na nuna karaya da lotsawa, hoton MRI na nuna zoben da jijiyoyi da tsoka, hoton CT kuma shi ya fi auna yawan ƙashin da ya zaizaye daga bakin gurbin. Likita zai kuma duba ko mutum mai sakakkun gaɓoɓi ne tun haihuwa, wanda yatsunsa da gwiwar hannunsa ke lanƙwasa fiye da kima. Irin wannan kafaɗarsa kan zame ta fuskoki da yawa ba tare da rauni ba, kuma maganinsa na farko motsa jiki ne na watanni a sashen gashin ƙashi, domin tiyata ba ta cika yi masa daɗi ba.

Ba duk wanda kafaɗarsa ta goce ke buƙatar tiyata ba. Magidanci mai shekaru da ta fita sau ɗaya, aikinsa kuma ba na ɗaga kaya sama da kai ba ne, yawanci rataye hannu na ɗan lokaci da ƙarfafa tsoka sun ishe shi. Wanda ake ba shawarar tiyata shi ne wanda ta maimaita, ko matashin da sana'arsa ko wasansa ke jefa shi cikin haɗari, wani lokaci ma tun bayan gocewar farko.

Tiyatar huji, wato yin aiki a cikin gaɓa da madubi ta ƙananan kafofi, ta bunƙasa ne a Japan. A 1918 Kenji Takagi, likita a Tokyo, ya zura madubin duba mafitsara cikin gwiwar gawa ya ga cikin gaɓar. Almajirinsa Masaki Watanabe ya inganta na'urar, har a ƙarshen shekarun 1950 ya fito da wadda za a iya aiki da ita sosai. Gwiwa aka fara yi wa, kafaɗa ta biyo baya. Gyaran Bankart ta huji da aka gwada a shekarun 1980 bai kai na yanka inganci ba, kafaɗu da yawa sun sake fita. Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan wasu ƙananan ƙusoshi masu ɗauke da zare, waɗanda ake kafawa a cikin ƙashi, da suka bazu daga farkon shekarun 1990.

Ranar aiki majinyaci yakan kame daga abinci na kimanin awa shida. Ana sa shi barci, sau da yawa kuma a ƙara masa allura a gefen wuya wadda ke kashe hannun na sa'o'i, don ya farka ba tare da azaba ba. Ana zaunar da shi a jingine ko a kwantar da shi ta gefe, hannun a rataye. Kafin a taɓa wuƙa, likita yakan girgiza kafaɗar yanzu da tsoka ta saki, ya tabbatar ta inda take zamewa. Daga nan sai a yi huji na farko a bayan kafaɗa, faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, a zura madubin leƙen gaɓa, wani siririn bututu mai kaurin kimanin milimita 4, mai fitila da kyamara. Ana tura ruwan gishiri mai tsabta cikin gaɓar don ta buɗe, jini ya wanke, sai hoton ciki ya fito a allon talabijin, an faɗaɗa shi ninki-ninki. Ana ƙara huji ɗaya ko biyu ta gaba, inda kayan aiki za su shiga.

Likita yakan zagaya gaɓar da ido tukuna: zoben ta sama da ta baya, igiyar tsokar damtse, tsokokin huɗu, santsin guringuntsi, girman lotsawar. Wannan na daga cikin fa'idodin madubi, domin yana nuna wuraren da yanka ta gaba ba ya kaiwa. Sannan a shiga aikin gadan-gadan. Zoben da ya manne a inda bai dace ba ana ɓamɓare shi a hankali har ya saki, ya iya tasowa. Ana kankare gefen ƙashin gurbin har ya fara tsattsafo da jini, kuma wannan mataki shi ne zuciyar aikin, domin zare ba ya riƙe kafaɗa har abada. Jinin nan ne zai sa nama ya manne da ƙashi ya zama abu guda. Sai a huda ƙananan ramuka a bakin gurbin a kafa ƙusoshin, yawanci uku ko fiye, ana farawa daga ƙasa ana hawowa. Wasu na ƙarfe ne, wasu na roba mai ƙarfi, wasu jiki na narkar da su sannu a hankali, wasu kuma dunƙulen zare ne kawai da ke kumbura ya cije cikin ƙashi. Zaren kowace ƙusa ana ratsa shi ta cikin zoben da jijiyar, a jawo su sama, a ɗaure. Ta haka ake mayar da zoben muhallinsa, a kuma tsuke jijiyar da ta yi sako-sako. Idan lotsawar bayan ƙashin babba ce, akan ɗinka wata tsoka ta baya a cikinta don kada ta riƙa sarƙewa a bakin gurbin. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, a rufe kowane huji da ɗinki ɗaya ko biyu, kuma da yawa ana sallamarsu a ranar ko washegari.

Tiyatar yanka ta Bankart har yanzu tana nan, kuma tana aiki. Ana tsaga gaban kafaɗa, a ratsa ta tsokar gaba, a ɗinke da ido. Ta huji ta fi ta ƙarancin zafi a kwanakin farko, ba ta taɓa wannan tsoka, tabonta kaɗan ne, kuma ba ta cika rage juyawar hannu ba. Ta yanka kuwa a wasu bincike ta fi riƙe kafaɗar masu wasannin karo da juna. Wanda likitansa ya zaɓa masa yanka bai kamata ya ji an rage masa wani abu ba.

Iyakar tiyatar huji ita ce ƙashi. Duk lokacin da kafaɗa ta fita ta koma, tana goge ɗan wani abu daga bakin gurbin. A 2000 likitoci biyu, Stephen Burkhart na Amurka da Joe De Beer na Afirka ta Kudu, suka wallafa sakamakon gyaran Bankart ta huji a kan kafaɗu 194. A cikin waɗanda ƙashinsu bai zaizaye sosai ba, kashi 4 cikin 100 ne suka sake gocewa. A cikin waɗanda ya zaizaye kuwa, kashi 67 cikin 100. Tun daga nan likitoci ke auna ƙashin kafin su yanke shawara. Idan abin da ya tafi ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin gurbin, ɗinki kaɗai ba ya wadatarwa. Sai a koma ga aikin da Michel Latarjet na birnin Lyon a Faransa ya fito da shi a 1954, inda ake yanko wani ɗan ƙashi mai kama da ƙugiya daga allon kafaɗa, tare da igiyar tsokar da ke jikinsa, a ɗaure shi da sukurori a gaban gurbin. Aiki ne mai riƙo, amma ya fi girma, ya fi kuma yawan matsaloli. Zaizayar ƙashin nan ita ce abin da ya fi shafar saurayin Riruwai. Wanda ya ƙware wajen mayar da kafaɗarsa da kansa, yana ganin ya sami sauƙi, ƙashinsa yake ci, kuma idan ya isa asibiti bayan ta fita sau ashirin, mai yiwuwa ƙaramin aikin ya riga ya wuce shi.

Warkewa ta fi tiyatar tsawo nesa ba kusa ba. Ana rataye hannu a wuya na mako huɗu zuwa shida, har da lokacin barci. A wannan lokaci ana motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu, amma ba a juya damtse waje, ba a kai hannu baya. Alwala da wanka da sa tufafi duk sai an sami mai taimako ko an koyi yi da hannu ɗaya, riga mai buɗaɗɗen gaba ta fi sauƙi, kuma likita zai faɗi lokacin da za a iya dogara da hannun a sujada. Bayan an cire ratayar sai a shiga dawo da motsi a sashen gashin ƙashi, daga baya a shiga ƙarfafa tsoka. Aiki mara nauyi kan yiwu cikin wata biyu zuwa uku. Sara da diga, ɗaukar buhun masara, daka, jan guga, dambe da kokawa kuwa sai wajen wata shida. Haɗarin tiyatar huji a nan yake: da yake rauni a waje ƙarami ne, zafi kuma ya tafi da wuri, mutum kan ɗauka ciki ma ya warke, ya hau babur a mako na uku, ɗinki ya tsinke. Ga manomi, hikima ita ce a tsara aikin bayan an gama girbi, ta yadda watannin jinya za su faɗa cikin rani, hannu ya yi ƙarfi kafin sharar gona. Sigari da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna jinkirta mannewar nama da ƙashi. Mai farfaɗiya kuma sai an shawo kan ciwon da magani tukuna, domin bugu ɗaya na iya warware aikin duka. Farfaɗiya da jan wutar lantarki su ne kuma sanannun dalilan gocewa ta baya, wadda sau da yawa ake kasa ganewa.

Irin wannan aiki na buƙatar madubi da kyamara da famfon ruwa da wuta tsayayya da likitan da ya sami horo na musamman, don haka ba a yin sa a ƙananan asibitoci. Daga kudancin Kano, matsalolin ƙashi da gaɓoɓi masu wuya birni ake tura su, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can ne likita zai duba hotuna ya faɗi irin aikin da ya dace da kuma inda za a yi shi. Ƙusoshin daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin dala, kuma su ne ke ɗaga kuɗin aikin. Ga mutumin Riruwai akwai ƙarin nauyi na tafiyar sa'o'i ta Tudun Wada da Kwanar Dangora, ba sau ɗaya ba. Ya dace tun kafin aiki iyali su zauna da likita su san yawan zuwan da za a yi, a kuma nemi mai gashin ƙashi ya koya wa majinyaci da wani ɗan'uwansa motsin da za a riƙa yi a gida tsakanin ziyara da ziyara.

Matsalolin aikin kansa ba su da yawa, amma akwai su. Kafaɗa kan ƙage idan ba a motsa ta a kan lokaci ba. Ƙwayoyin cuta kan shiga, ko da yake ba kasafai ba. Zazzaɓi, ja da kumburi, ko ruwa mai wari daga huji alamu ne na a koma asibiti a ranar. Mutuwar hannu da ta wuce kwana ɗaya ko biyu bayan allurar wuya ita ma abin dubawa ce. Mafi yawan waɗanda aka yi wa gyaran suna komawa aikinsu da kafaɗa mai riƙo, amma idan aka bi su shekaru, kusan ɗaya ko biyu cikin goma takan sake fita, galibi matasa ƙwarai, da masu wasannin karo, da waɗanda ƙashinsu ya riga ya ragu. Idan haka ta faru, akan sake hoton CT a auna gurbin, sannan a zaɓi ko a maimaita ɗinkin ko a wuce zuwa aikin Latarjet.